Waƙa a bakin mai ita: Yadda gidajen tarihin Amurka ke nuna wa yara al'adun duniya

A lokacin bazarar shekara ta 2003, waɗansu magina daga garin Djenne na ƙasar Mali sun kwaɓa laka a tsakiyar birnin Washington, suka tayar da ƙofar gari irin wadda suka gada daga iyaye da kakanni.

Sun yi aikin ne a babban filin nan da ake kira National Mall, wanda ya miƙe daga ginin majalisar dokokin Amurka zuwa doguwar hasumiyar tunawa da George Washington, gidajen tarihi kuma suka sa shi a tsakiya dama da hagu.

Da yawa daga cikin yaran da iyayensu suka kawo kallo ba su taɓa jin sunan Djenne ba. Amma a ranar sun tsaya dab da magini, sun ga yadda yake yaɓe da tafin hannu, sun kuma samu damar yi masa tambaya ta bakin tafinta.

Wannan wani ɓangare ne na bikin al'adun gargajiya da cibiyar Smithsonian ta soma shiryawa tun 1967, wanda yana cikin shirye-shirye mafi girma da gidajen tarihin Amurka ke yi lokacin dogon hutun makaranta domin sada yara da iyalai da al'adun sauran duniya.

Sai dai tattaro mutane daga wata uwa duniya a ajiye su gaban 'yan kallo abu ne mai tsohon tabo a tarihin ƙasashen Yamma. Don haka muhawara kan irin waɗannan bukukuwa takan koma kan tambaya guda: wa ke da bakin bayyana al'adar, mai ita ko wanda ya gayyato shi?

Me ya sa sai lokacin hutu?

A mafi yawan jihohin Amurka akan rufe makarantu daga wajen watan Yuni har zuwa cikin watan Agusta, wato hutun da ya haura wata biyu. Wannan ne lokacin zafi a can, wanda akan fassara da bazara, kuma shi ne lokacin da iyalai suka fi yin tafiye-tafiye.

Ga iyayen da ke fita aiki kullum, hutun yakan zo da ɗawainiyar neman inda za a kai yara su ƙaru da wani abu, ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Gidajen tarihin Smithsonian da ke Washington kyauta ake shigarsu, haka ma bikin al'adun. Akan kuma tsara shi ya faɗo cikin makon ranar 4 ga Yuli, ranar samun 'yancin kan Amurka, lokacin da birnin ke cika da baƙi daga kowace jiha. A shekaru da dama an ƙiyasta mahalartansa da kusan mutum miliyan ɗaya.

Su ma gidajen tarihin suna da tasu buƙatar. Sun lura cewa yaro ɗan shekara bakwai ba ya jimirin tsayuwa gaban akwatin gilashi yana karanta ɗan rubutun da aka manna a jikinsa. Ganga da ke rataye a bango shiru take yi, amma da zarar makaɗi ya saɓa ta ya sa gula, yaron da ke can nesa zai jawo hannun mahaifiyarsa su matso.

Daga akwatin gilashi zuwa fili

Ita cibiyar Smithsonian an kafa ta ne a 1846, da dukiyar da wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna James Smithson ya bar wa Amurka wasiyya, ko da yake bai taɓa taka ƙasar ba a rayuwarsa. Sharaɗin da ya gindaya shi ne a yi amfani da dukiyar wajen haɓaka ilimi da yaɗa shi cikin jama'a.

A hankali cibiyar ta bunƙasa har ta zama tarin gidajen tarihi kimanin ashirin, da gidan namun daji, da cibiyoyin bincike.

A 1964 aka naɗa S. Dillon Ripley, wani masanin tsuntsaye, ya shugabance ta. A ganinsa gidajen tarihin sun yi kama da rumbun ajiya, filin da ke tsakaninsu kuma ya yi tsit da yawa. Ya umurci ma'aikatansa da su fito da kayan kiɗa daga cikin akwatuna a ji muryarsu.

Wanda aka ɗora wa tsara bikin farko shi ne Ralph Rinzler, makaɗi kuma mai binciken waƙoƙin gargajiya, wanda ya sha zagaya ƙauyukan kudancin Amurka yana neman mawaƙa da masu sana'ar hannu da birni ya manta da su.

An yi bikin farkon daga 1 zuwa 4 ga Yulin 1967, da masu sana'a da makaɗa 84. Akwai masu saƙar kwando, da masassaƙa, da maginan tukwane, da mawaƙan coci na baƙaƙen fata. Jama'ar da suka fito kallo sun haura dubu ɗari huɗu, abin da ya sa aka mayar da shi na shekara-shekara.

Da fari al'adun cikin Amurka kawai ake nunawa. A shekarun 1970 aka fara gayyato baƙi daga ƙasashen da Amurkawa suka samo asali, domin a haɗa su da danginsu na wannan tsallake.

Ƙarƙashin wani shiri da mawaƙiya kuma masaniyar tarihi Bernice Johnson Reagon ta taka rawa wajen tsarawa, an kawo makaɗa da masu sana'a daga ƙasashe irin su Ghana da Najeriya da Senegal, suka zauna tare da baƙaƙen fatar Amurka da na tsibiran Karibiyan ana gwada kiɗa da girki da kitso, a ga inda aka yi tarayya da inda aka rabu.

A tsakiyar shekarun ne kuma aka keɓe wa yara nasu sashe, inda su da kansu suke nuna wasanninsu na dandali, kamar tsallen igiya da wasan tafa hannu, manya na kallo.

A 1976, shekarar da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci, bikin ya ɗauki mako 12 ana yi. A 1998 aka cire sunan Amurka daga cikin sunansa, tun da ya riga ya zama na duniya.

Abin da yaro ke tararwa

Shirin kowace ƙasa yakan ci shekara guda ko fiye kafin a buɗe. Masu bincike na cibiyar tare da takwarorinsu na ƙasar da za a nuna sukan shiga garuruwa da ƙauyuka, su gana da masu sana'a, su ɗauki bayanai, sannan a zaɓi waɗanda za a gayyata.

Abin da aka fi dubawa shi ne mutumin da al'ummarsa ta yarda da gwanintarsa, wanda ya koyi sana'ar a gida ko wurin ubangida, ko da kuwa ba a taɓa jin sunansa a rediyo ba.

A filin bikin akan kafa rumfuna iri-iri. Akwai ta kiɗa da rawa, da ta masu sana'ar hannu inda masaƙi ko maƙeri ke aikinsa kamar yadda ya saba a gida, da ta girki inda ake dafa abinci a gaban jama'a ana bayani. Akwai kuma rumfar hira, wadda baƙin ke zama su ba da labarin rayuwarsu, 'yan kallo su yi tambaya.

Kowace rumfa tana da mai gabatarwa, wanda galibi ya san harshen baƙin da al'adarsu. Aikinsa shi ne ya yi tafinta, ya ɗan share fage, sannan ya bar mai sana'a ya yi magana.

Ga iyalai kuwa akan tanadi wurin da yara za su sa hannu da kansu: su murza yumɓu, su gwada saƙa, su koyi gaisuwa da wani harshe, ko su shiga da'irar rawa.

Dalilin wannan tsari bai wuce abin da Bahaushe ke cewa ba, gani ya kori ji. Yaron da ya yi minti goma yana fama da zare ya kasa ƙulla abin da tsohuwa ke ƙullawa tana hira, zai tashi da sanin cewa akwai ilimi a hannun matar, ko da bai ji kalma ɗaya ta harshenta ba.

Tun kafin bikin ya yi nisa an taɓa gwada irin wannan a cikin ginin gidan tarihi kansa. A 1985, a wani baje koli mai suna Aditi da aka yi a gidan tarihin halittu na Smithsonian kan rayuwar yaro a Indiya, an kawo masu wasan 'yar tsana da masu dabo da mawaƙa daga Indiya suna wasa a tsakanin kayan da aka jera, ta yadda mai kallo zai ga abu a ajiye, ya kuma ga yadda ake amfani da shi.

Ƙasashen Musulmi a dandalin Washington

Bikin da aka fi tunawa da shi shi ne na 2002, wanda aka yi wata tara bayan harin 11 ga Satumba, a daidai lokacin da zargi da tsoron Musulmi suka yi ƙamari a Amurka.

An sadaukar da bikin gaba ɗaya ga Hanyar Siliki, wato tsoffin hanyoyin fatauci da suka haɗa ƙasar Sin da tsakiyar Asiya da Gabas ta Tsakiya har zuwa Turai. An fara shirinsa tun kafin harin, tare da haɗin gwiwar mashahurin makaɗin nan Yo-Yo Ma da kuma asusun raya al'adu na Aga Khan.

Ɗaruruwan makaɗa da masu sana'a daga ƙasashe fiye da 20 ne suka halarta, da yawansu Musulmi. An kasa filin zuwa zango-zango, kowanne da siffar wani gini sananne: daga Nara ta Japan, zuwa Xi'an ta Sin, da Samarƙand, da Istanbul, har Venice ta Italiya. Iyali sukan faro daga wannan ƙarshen su bi zango ɗaya bayan ɗaya, tamkar ayarin fatake.

Daga cikin abin da ya fi jan hankalin yara akwai wata babbar motar ɗaukar kaya da wani mai zane daga Karachi, Haider Ali, ya ƙawata da fenti irin na motocin Pakistan. Bayan bikin, cibiyar ta adana motar cikin kayanta. Mahalarta bikin na shekarar sun haura miliyan ɗaya.

A shekarar da ta biyo baya Mali ta samu nata zagayen, a shirin da aka yi wa laƙabi da daga Timbuktu zuwa Washington. Ban da maginan Djenne, an kawo marina da masaƙa da maƙera da dukawa, yayin da mawaƙa irin su Ali Farka Toure da Oumou Sangare suka yi wasa. Ga Amurkawa da dama, sunan Timbuktu karin magana ne kawai na wuri mai nisan gaske, sai ga mutanen yankin a gabansu suna bayanin birni mai tsoffin masallatai da littattafan da aka rubuta da hannu tun ƙarnoni.

A 2005 Oman ta zama ƙasar Larabawa ta farko da aka keɓe wa cikakken shiri, inda aka nuna rayuwar hamada da ta dausayi da ta bakin teku, har da sassaƙar jirgin ruwa da ƙirar azurfa da haɗa turare. Kenya ta zo a 2014, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma a 2022.

Gidajen tarihi na yara zalla

Ban da bikin Washington, akwai gidajen tarihi da aka gina musamman domin yara, waɗanda su ma lokacin hutu ne kasuwarsu ta fi ci.

Na farko a duniya shi ne na unguwar Brooklyn a birnin New York, wanda aka buɗe a 1899. Na Boston ya biyo baya a 1913, na Indianapolis kuma a 1925. Abin da ya bambanta su da sauran gidajen tarihi shi ne a nan ana son yaro ya taɓa abin da ya gani.

A na Boston akwai wani tsohon gidan ɗan kasuwar siliki da birnin Kyoto na Japan ya ba da kyauta a 1979. An kwance shi katako-katako, aka ɗauko shi, aka sake haɗa shi a cikin ginin. Duk yaron da zai shiga sai ya tuɓe takalmi, kamar yadda ake yi a Japan.

Na Indianapolis ya buɗe wani sashe kan ƙasar Masar a 2009, inda yara ke shiga wani ɗaki mai siffar jirgin sama, su sauka a cikin kasuwa da gidajen Misirawa na wannan zamani. Manufar ita ce a nuna cewa Masar ba ta tsaya ga dala da gawarwakin Fir'aunoni ba. Daga baya aka maye gurbinsa da na ƙasar Sin, sannan na Girka.

A watan Fabrairun 2016, lokacin da batun Musulmi ya zama abin cece-kuce a yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, gidan tarihin yara na Manhattan ya buɗe baje koli kan al'adun Musulmi na kusa da na nesa, daga Amurka har Zanzibar. Yara sun yi wasan ciniki a kasuwa, sun hau samfurin jirgin ruwan fatake na tekun Indiya, sun kalli fasalin masallatai na ƙasashe daban-daban, ana kuma gayyato makaɗa da masu zane su yi wasa. Daga bisani an kai baje kolin waɗansu birane, ciki har da Philadelphia.

Amfanin irin wannan ya shafi 'ya'yan baƙi su ma. Yaron da aka haifa a Amurka ga iyaye 'yan Senegal ko Pakistan, wanda wani lokaci yake jin nauyin suturar mahaifiyarsa a gaban abokan makaranta, yakan ga abokan nan sun yi layi domin su koyi abin da shi ya tashi ya tarar a gida.

Tabon da ke baya

Duk da haka, masu shirya bukukuwan sun san cewa ba su ne suka fara kawo mutanen wata nahiya gaban 'yan kallo ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, manyan baje kolin Turai da Amurka sun riƙa gina ƙauyukan kwaikwayo, a zuba mutanen ƙasashen da aka mallaka a ciki, jama'a su biya kuɗi su kalle su. Iyalai ne ke zuwa kallon da 'ya'yansu, darasin da yaran ke ɗauka kuwa shi ne cewa waɗannan mutane suna ƙasa da su.

Labarin da ya fi muni shi ne na Ota Benga, wani matashi daga ƙasar Kwango da aka kai baje kolin birnin St Louis a 1904. A watan Satumban 1906 aka nuna shi a sashen birai na gidan namun dajin Bronx da ke New York, sai da limaman cocin baƙaƙen fata suka tashi tsaye kafin a daina. Ya kashe kansa a 1916. Hukumar da ke kula da gidan namun dajin ba ta nemi gafara ba sai a 2020.

Ƙasar Hausa ma abin ya shafe ta. A baje kolin Daular Birtaniya da aka yi a Wembley ta birnin Landan a 1924 da 1925, an gina sashen Afirka ta Yamma da siffar birni mai ganuwa irin na arewacin Najeriya, aka kawo masu sana'a daga Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, suna aiki a ciki. Yadda waɗansu jaridun Ingila suka riƙa yin rubutun izgili a kan mutanen ya fusata ɗaliban Afirka da ke karatu a Landan, har suka kai kuka ga hukuma. A 1925 ne Ladipo Solanke da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta zama matattarar masu fafutukar neman 'yanci.

Har a 1958, a baje kolin duniya na birnin Brussels, an nuna 'yan Kwango a bayan shinge, kuma wulaƙancin da suka gani daga 'yan kallo ya sa waɗansunsu suka bar wurin kafin a kammala.

Idan aka duba da ido kawai, rumfar masaƙi a Wembley da rumfar masaƙi a Washington sun yi kama. Masu kare bikin Smithsonian suna cewa bambancin yana ga matsayin mutumin da ke zaune a cikinta: an san sunansa, da yardarsa ya zo, ana biyansa, ana sayar da kayansa, shi ne kuma ke amsa tambaya. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi.

Inda ake da ja

Ba kowa ne ya gamsu cewa an rabu da matsalar ba. Masana irin su Barbara Kirshenblatt-Gimblett da Robert Cantwell sun yi rubuce-rubuce a shekarun 1990 kan abin da ke faruwa idan aka ciro al'ada daga muhallinta aka ɗora ta a dandali.

Waƙar da ake yi a gidan biki har asuba, a filin Washington sai a taƙaita ta zuwa ƙasa da sa'a guda, domin wata ƙungiyar na jiran rumfar. Matar da ke girki don iyalinta sai ta koma mai nuna girki. Abin da ya shafi ibada kuwa ya fi wuyar sha'ani, domin akwai abin da masu shi ba za su so a tafa masa kamar wasa ba.

Akwai kuma haɗarin yaro ya tashi da zaton cewa kowa a Mali magini ne ko makaɗi, alhali ƙasar na da likitoci da injiniyoyi da direbobin tasi. Kwana goma na kiɗa da abinci ba za su bayyana talauci ko yaƙi ko siyasar wata ƙasa ba.

Batun kuɗi ma yana nan. Gwamnatocin ƙasashen da ake nunawa sukan ɗauki wani kaso na ɗawainiyar, kuma kowace gwamnati tana son a ga kyakkyawar fuskarta. Wannan kan jawo tambaya kan ko wane yanki ko wace ƙabila aka bari a gida.

Wani lokacin siyasa takan fi ƙarfin shirin baki ɗaya. An yi niyyar nuna al'adun birnin Ƙudus a bikin 1993, har masu bincike Falasɗinawa da na Isra'ila suka tattara bayanai, amma aka ɗage shirin, bai kuma hau filin ba.

A cikin Amurka ma abin da gidajen tarihi ke koya wa yara ya zama fagen jayayya. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan wata dokar shugaban ƙasa da ta zargi Smithsonian da yaɗa aƙidun raba kan jama'a, matakin da ƙungiyoyin masana tarihi suka soka.

Sannan akwai tambayar yadda kayan da ke cikin gine-ginen suka zo. A watan Oktoban 2022 cibiyar ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagulla 29 na masarautar Benin, daga cikin waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Masu fafutukar mayar da irin waɗannan kaya suna ganin girmama maƙerin da ke raye ba ya cika sai an gyara zaluncin da aka yi wa kakanninsa.

Abin da ya biyo baya

Tasirin wannan salo ya wuce Washington. A 1999 cibiyar Smithsonian da hukumar UNESCO sun yi wani taro a birnin, inda mahalarta suka nuna cewa tattara al'adu a cikin kaset da takardu bai wadatar ba, dole a mayar da hankali ga mutanen da ke riƙe da su. Wannan ra'ayi ya shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ake gada baki da baki da kuma ta hanyar aiki.

Ƙarƙashin wannan yarjejeniya ce aka sa wasan barkwanci tsakanin ƙabilun Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014, bikin kamun kifi na Argungu a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024. Ita Amurka ba ta shiga yarjejeniyar ba.

Su ma baƙin sukan koma gida da wani abu. Akan sauke su a masauki ɗaya, inda da dare makaɗan da ba sa jin harshen juna ke haɗuwa su yi kiɗa tare. Mai sana'ar da matasan garinsu suka fara yi wa kallon tsohon yayi yakan dawo da labarin cewa dubban mutane sun tsaya cikin rana suna kallon hannunsa.

Annobar korona ta tilasta mayar da bikin ta intanet a 2020, bai kuma dawo fili sosai ba sai a 2022. A 2023 an yi shiri kan addinan da ake bi a Amurka, a 2024 kuma aka keɓe bikin ga 'yan asalin nahiyar, wato jajayen Indiyawa, tare da gidan tarihin da aka gina dominsu.

A watan Yulin 2025 taken bikin shi ne matasa da makomar al'ada. A wannan karon matasa ne suka fi yawa a cikin rumfunan, ciki har da masu koyon sana'o'in gini da masu ƙoƙarin farfaɗo da harsunan kakanninsu, suna nuna abin da suka karɓa daga hannun manya, suna kuma amsa tambayoyin ƙannensu da ke tsaye a gabansu.